Ƙwan Kakarmu 'Yar Yukiren

Shekarun baya, ina 'yar shekara goma sha biyar, mahaifina ya samu gurbin ƙarin karatu a Alƙahira, ya ɗauke mu ni da mahaifiyata muka bi shi. Wajen ƙarshen shekarun saba'in ke nan. Muka sauka a wani tsohon bene da ke bakin unguwar Darrasa, hawa na huɗu, inda in ka buɗe taga da safe sai ka gama gaisawa da hasumiyoyin masallatai kafin ka ga mutum. Ni kuwa dama an san ni da zaman bakin taga. Mahaifiyata takan ce da kallon sama sana'a ce, da tuni na gina mata gida.

Ƙofar da ke kallon tamu ta wata tsohuwar Baturiya ce, 'yar firit, gashinta fari fat kamar auduga. Mutanen benen suna ce mata Madam 'yar Rasha, ita kuwa duk wanda ya faɗa a gabanta sai ta ɗaga masa sanda ta ce, "Yukiren! Tun kafin a haifi ubanka nake gaya muku!" Larabcin Masar a bakinta kamar na matan kasuwar kayan miya, har da baƙar maganarsu. Mijinta Bamisire ne mai gyaran agogo, ya daɗe da rasuwa, Allah kuma bai ba su haihuwa ba. Mu dai Kaka muka sa mata, ta kuma amsa.

Amma kafin ta zama Kaka sai da muka yi mata ɓarna.

Bazararmu ta farko ce a Masar, ana gab da bikin Shammun Nasim, wanda Misirawa ke rina dafaffen ƙwai kala-kala su fita lambu su ci. Na dawo daga makaranta na tarar da ɓawon ƙwai a gefen faranti, irin wanda ban taɓa gani ba. Baƙi ne, an zana masa zangarniyar alkama ruwan ɗorawa da wasu jajayen taurari ƙanana, zanen siriri kamar da gashi aka ja shi. Na tsuguna ina tsince gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "Umma, wannan fa?"

Ta ce, "Maƙwabciyar nan ce ta kawo. Ke dai bari, Turawan nan sai Allah. An zauna an ɓata lokaci wajen kwalliya, amma dafawa ta gagara. Ɗanye ne fa! Ina fasawa saura kaɗan ya ɓata min zane. Sai soya wa Malam na yi da albasa."

Ta zuba waina a farantin da aka kawo ƙwan, don ba a mayar da kwanon mutane haka nan, ta ce in kai. Tsohuwar ta buɗe ƙofa da fara'a, ta tambaye ni inda muka ajiye shi, ta ce kada mu sa shi a rana, launin zai koɗe. Ni kuwa na miƙe tsaye na tattaro Larabcina na littafi na ce, "Mahaifina ya ce a yi miki godiya, ya yi daɗi ƙwarai."

Ta zuba min ido. Na ga leɓenta na rawa, na ce shi ke nan, kuka za ta yi. Ashe dariya ce. Ta yi ta dariya har da riƙe ƙofa, har tari ya sarƙe ta.

"Ya yi daɗi? Kwana da kwanaki na yi a kan ƙwan nan, ya binti, 'yata! To tamam, madalla. Tun da nake yi ba wanda ya taɓa gaya min ɗanɗanonsa. Shigo."

A ɗakinta ta buɗe wani kabad mai gilashi. Ƙwai ne a jere cikin auduga, hawa-hawa, wasu launinsu na ƙyalli, wasu sun dushe. Ta ɗauko ɗaya daga can ƙasa ta kaɗa min a kunne. Na ji wani abu yana gangarawa a ciki, ƙwas-ƙwas, kamar tsakuwa. Ta ce gwaiduwar ce ta bushe. Ba a dafa shi, ba a fasa shi, ajiyewa ake yi. Wasu kam zafin Masar ya fasa su da kansa, ta ce akwai shekarar da wari ya kori mijinta ya kwana a shago.

Ta nuna min alƙalamin da take aiki da shi: ɗan itace ne da ya yi baƙi don riƙo, an ɗaura masa wani mitsitsin mazurari na tagulla a baki. Ana sa kakin zuma a ciki, a kara a wutar kyandir, in ya narke a ja layi a jikin ƙwan. A ƙasarsu, in ji ta, ba a cewa an zana ƙwai, rubutawa ake yi.

A ranar ta ba ni labarinta, tana yi tana cin wainar Umma. An haife ta a wani ƙauyen manoman alkama. Tana budurwa yaƙi ya ɓarke bayan an tumɓuke sarkin Rasha, wannan runduna ta wuce ta kwashe hatsi, waccan ta biyo baya ta kwashe maza. Mahaifinta zazzaɓi ya ɗauke shi. Ita da mahaifiyarta suka taka har Odesa, bakin teku, inda jirage ke kwashe masu gudu. Wani likita da iyalinsa suka yarda su tafi da ita a matsayin mai rainon 'ya'yansu, amma gurbin mutum ɗaya ne. Uwar ta tura ta gaba, ta danƙa mata alƙalamin nan, ta ce, "Duk bazara zan rubuta ƙwai ɗaya naki, ke ma ki rubuta nawa. Muddin muna rubutawa, ba mu rabu ba."

Jirgin ya sauke su a Iskandariyya. Ta zauna a tanti cikin rairayi, ta yi raino, ta yi ɗinki, ta yi jinyar marasa lafiya, ta yi aure. Wani yaƙin da ya fi na farko ya sake bi ta kan ƙauyensu. Ta yi cigiya har ta gaji, ko ƙyas ba ta ji ba. Amma ba bazarar da ta wuce ba ta rubuta ƙwan uwarta ba. In ta gama shi ne take yin na maƙwabta.

Washegari Umma ta shiga ba da haƙuri, ni ce tafinta. Da na juya wa Umma labarin Kaka sai ta tafa hannu ta ce, "Allah sarki, baiwar Allah. Ai yanzu kam uwar ta daɗe da rasuwa."

Ban fassara wannan ba. Kaka ta zungure ni da sanda ta ce, "Me Hajiya ta ce? Kada ki rage min ko kalma."

Na faɗa mata. Ba ta ji haushi ba. Ta ce, "Ki gaya wa Hajiya, ba wanda ya zo ya gaya min. Ranar da aka zo aka gaya min, sai in daina."

Umma ta ce, "To, ai shi ke nan." Da muka dawo gida kuwa ta ce, "Tsufa ke nan. Allah ya sa mu gama da hankalinmu."

Daga nan ƙofofin biyu suka daina rufuwa da rana. Har yau ban san yadda suke yi ba, don Larabcin Umma bai wuce na cefane ba, Kaka kuma Hausarta sannu ce kawai, amma sai su zauna tun hantsi har azahar, kowace na zuba da harshenta, suna dariya a wuri ɗaya. Kaka ta koya mata wata jar miya ta ƙasarsu, Umma ta ce miyar ba ta da laifi sai rashin tarbiyya, ta zambaɗa mata yaji. Umma ta riƙa yi mata kitso, kalaba biyu farare. In azumi ya zo Kaka ba ta dafa abu mai ƙamshi sai an sha ruwa. Ni kuma nakan karanta mata waƙoƙin da nake rubutawa a ɓoye, in fassara mata, ta lumshe ido ta saurara, sannan ta ce, "Ya binti, wata ya yi yawa. Jiya wata, yau wata. Ba ku da albasa a gidanku?"

Haka muka yi ta tafiya har na shiga jami'a. A shekarar ne hannunta ya fara rawa. Da farko shayi ne ke zuba a faranti, sai ta ce kofin ne ya tsufa. Daga baya maɓallin riga ya gagare ta.

Wata ranar bazara da la'asar ina hawowa bene na ji ƙaurin kaki. Na tura ƙofarta na same ta zaune gaban kyandir, ƙwai a farfashe a ƙasa, ɗan yatsanta ya tashi da ƙuna. Idinsu na Kirista ya matso, ƙwan kuma dole a gama shi kafin jajiberi. Ta ɗaga hannun tana kallonsa kamar baƙon da ya shigo ba sallama, ta ce, "Wannan ba nawa ba ne. Wani ya musanya min."

Nan take na ce ni zan rubuta mata. Ina da abin taƙama, don mahaifina ya koya min zayyana tun ina ƙarama, irin adon da ake yi wa allon sauka, kuma ko shi yakan ce hannuna ya fi nasa tsayuwa. Sai dai da na gaya masa ya shafa gemu ya ce, "Anya? Al'amarin idinsu ne fa."

Umma tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Malam, ranar da kake suɗe faranti ban ji ka tambayi na wane idi ba ne."

Ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya tambaye ni abin da ake zanawa a jikin ƙwan uwar Kaka. Na ce rana ce, da zangarniyar alkama, da wani layi mai lanƙwasa da ke zagaye ƙwan ya koma inda ya faro. Ya ce, "To je ki. Maƙwabci yana da haƙƙi. Ki riƙe addininki, ta riƙe nata."

Na zage na yi aiki. Na ɓata guda biyu, na uku ya fito tsaf, layi a miƙe, launi a zaune. Ina kai mata ina shirya waƙar da zan rubuta a kan kirkina, har na samu baitin farko, kuma akwai wata a ciki. Kaka ta sa tabarau ta jujjuya ƙwan a tafin hannuna, don ta ƙi ɗauka kada ya faɗi.

Ta ce, "Kyakkyawa ne. Ya fi duk waɗanda ke cikin kabad ɗin nan." Sai ta naɗe yatsuna a kansa ta tura min hannuna. "Amma Mama ba ta san hannunki ba, ya binti. Ni ta ce in rubuta."

Na ce, "Kaka, ai da alƙalaminki na yi."

Ta ce, "Ma'alish, ba komai. Bana ba za a yi ba, khalas, shi ke nan." Ta juya fuska wajen taga ta ƙara da cewa, "Sai ta ɗauka na mutu."

Kwanakin da suka biyo baya ko abincin kirki ba ta ci. Kwanon da Umma ta aika sai ya dawo yadda ya tafi. Ni kuma na koma bakin tagata ina sharar hawaye, rabi don tausayinta, rabi don ƙwaina da aka ƙi. Umma ta same ni a nan. Ni ce 'yar fari, ba ta kiran sunana.

"Ke, wai me ya hana baiwar Allahn nan cin abinci?"

Na kwashe duka na gaya mata, har da bayanin cewa abin na zuciya ne, ba kowa zai gane ba.

Ta ce, "Bar ni da zuciya. Hannun ne ke rawa ko ƙwan?"

Na ce, "Hannun."

"To a riƙe hannun mana! Wannan ne kuka zauna kuna kuka ke da ita kamar an yi mutuwa?"

Ta hau soro inda take kiwon 'yan kajinta, ta sauko da ƙwai mai ɗumi, ta yafa mayafi ta faɗa ɗakin Kaka. Ta jawo tebur gaban gado, ta zauna a bakin gadon, ta zaunar da tsohuwar a kan kujera 'yar tsugunne tsakanin gwiwoyinta, daidai yadda take yi wa yaran 'yan Najeriya da ake kawo mata kitso. Ta zagayo da hannayenta ta bayanta ta damƙe wuyan hannun ta kafe shi a kan tebur.

"Gaya mata na riƙe kan yaran da suka fi hannun nan tsalle. Ita ta riƙe alƙalaminta. Ke kuma ki juya ƙwan a ƙarƙashinsa."

Kaka ta fara masifa, wai ita ba akuya ba ce da za a danne. Amma da na miƙa mata alƙalamin da narkakken kaki sai yatsunta suka kama shi da kansu. Bakin mazurarin ya tsaya cak. Na kara ƙwan, na fara juyawa.

"Dama. Dama na ce! A hankali, ya binti, ba jirgin tiram za ki kama ba. Tsaya. Wuta."

In ta ce wuta sai in matso da kyandir a sake narkar da kakin. Umma tana ta zufa, tana cewa, "Ikon Allah, tsohuwa sai ƙarfin tsiya, kamar na riƙe tarwaɗa." Kaka ba ta san me aka ce ba, amma ta rama da harshen ƙasarsu, kuma daga jin sautin ba yabo ba ne.

Layin nan mai zagaye shi ne abin tsoro, don dole ƙarshensa ya haɗu da farkonsa, in ya kuskure an ɓata. Muka bi shi sannu a hankali, ya hau, ya sauka, ya hau. Da ya rage kamar faɗin ƙwayar shinkafa sai Kaka ta ce, "Hajiya, sake ni."

Ban fassara ba, amma Umma ta saki. Hannun ya ɗau rawa, bakin alƙalamin ya yi ta lilo a kan ƙwan. Sai ta dangwala. Kakin ya zuba ya yi ɗan gudaji, ya haɗe bakin layin biyu.

Sauran aikin sai da ya kai mu washegari. A tsoma a ruwan ɓawon albasa ya yi ɗorawa, a rufe zangarniyar da kaki, a tsoma a ja, a rufe ranar, a tsoma a baƙi. A ƙarshe ƙwan ya zama wani dunƙulen baƙin abu mai kurji-kurji. Umma ta ce, "Duk wahalar nan a kan wannan?" Kaka ta sa na kara shi a gefen wuta ina gogewa da tsumma. Kakin ya narke, launuka suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya. Ranar ta karkace. Zangarniyar kamar iska ta kwantar da ita. Layin kuwa kamar sawun tururuwa, ga gudajin nan a tsakiya.

Kaka ta daɗe tana kallonsa. Sai ta ce, "Wannan kam za ta gane shi. Na farkon da na yi a gabanta ina yarinya, haka yake sak." Ta share ido da bayan hannu ta dubi Umma. "Yalla, maza, ina abincin nan? Kuma ku ɓoye ƙwan kada Malam ya gani."

Haka muka riƙa yi duk bazara, mu uku, har wajen ƙarshen shekarun tamanin. Ta haura tamanin da 'yan kai lokacin da ta kwanta, cikin sanyi. Kafin nan ta rarraba ƙwayayen kabad ɗin ga mutanen benen, har mai gadi ya samu, ta ba ni alƙalamin da karkataccen ƙwan nan. Mutanen cocinsu suka zo suka ɗauke ta. Umma ta yi kwana uku ba ta buɗe ƙofarmu ba, don kada ta ga waccan a rufe.

Yanzu mun dawo gida, na yi aure nesa da garinmu, sai in yi watanni ban ga Umma ba. Ƙwan yana nan cikin gwangwani da auduga, ya fara ƙwas-ƙwas in an kaɗa. In na tuna, abin da ke ba ni kunya da dariya shi ne yadda na so in karɓe wa Kaka aikinta don in taimake ta. Na ɗauka kyau take nema. Umma da ba ta taɓa karanta baitin waƙa ba ita ta gane cewa tsohuwar ba ta son a yi mata, so take a riƙe ta ta yi. Tun daga nan, in na ga wani yana fama da abin da yake nasa ne, nakan tambayi kaina ko hannun ne ke rawa ko ƙwan.

Amma abin da ya fi dawo min shi ne bazarar da ta biyo bayan rasuwarta, ta ƙarshe da muka yi a Alƙahira. Ina zaune a bakin taga sai ga Umma ta sauko daga soro, ta ajiye ƙwai mai ɗumi a cinyata, ta ajiye kyandir.

Na ce, "Umma, na wa? Kaka fa ta rasu."

Ta ce, "Ita kam mun gani da idonmu." Ta ƙyasta ashana ta kunna kyandir ɗin, ta gyara zama a gefena. "Uwarta fa? Wa ya zo ya gaya mana?"